Roka mai gaɓa biyu: yadda wuta ke tsallakawa daga inji zuwa inji, da abin da iskar Maradi ke yi mata

Rokar wasa mai gaɓa ɗaya ba ta da wuyar sha'ani. Bututun takarda ne mai tsini a sama, da fikafikai uku ko huɗu a ƙasa, sai ɗan inji na albarushi da aka matse a masana'anta. A kunna, ta tashi, lemar da ke sauko da ita a hankali ta buɗe, a je a ɗauko. Amma da zarar an ce za a ɗora wata a kan wata kamar gaɓoɓin rake, magana ta canza, domin yanzu akwai wuta ta biyu da za ta kama a can sama inda hannun kowa bai kai ba, cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Kusan duk abin da ke lalacewa a wannan aiki, a mahaɗar nan yake lalacewa, ko kuma a cikin sakan ɗaya da ya gabace ta.

Dalilin raba roka gaɓa-gaɓa tsoho ne. Konstantin Tsiolkovsky na Rasha ya fitar da lissafinsa a 1903, wanda ya nuna cewa gudun roka ya dogara ne da yawan nauyin da ta ƙone idan aka gwada da wanda ya rage mata. Duk kwanson da makamashinsa ya ƙare ya zama kaya, kuma a yar da shi ya fi. Rokar Saturn V ta Amurka da ta kai mutane duniyar wata a 1969 gaɓa uku gare ta saboda wannan. A ƙaramar roka ma haka abin yake: inji mai lamba C yana da nauyin giram 20 da 'yan kai, kuma wajen rabin wannan nauyi kwanson takarda ne da yumɓu. Idan gaɓar ƙasa ta faɗi da kwansonta da manyan fikafikanta, ta sama ta samu sauƙi biyu, na nauyi da na jan iska, ga shi kuma ta fara aikinta tana cikin gudu.

Karatun lambar inji

Wanda bai iya karanta rubutun jikin inji ba, kada ya taɓa wannan aiki. Ana rubuta harafi, da lamba, da ɗan layi, da wata lamba, kamar C6-7. Harafin yana faɗin jimillar ƙarfin da ke ciki, kuma kowane harafi ninki biyu ne na wanda ya gabace shi: A ya tsaya a niyuton-sakan 2.5, B a 5, C a 10, D a 20. Lambar farko matsakaicin turi ne da ma'aunin niyuton. Ta ƙarshe kuwa sakan nawa inji zai jira bayan ya gama turi kafin ya tofa ɗan albarushin da ke fitar da lema. A, B da C na yau da kullum girmansu ɗaya, kauri milimita 18, tsawo milimita 70. D12 yana da kaurin milimita 24.

Injin gaɓar ƙasa shi ne mai sifili a ƙarshe: B6-0, C6-0, D12-0. Idan ka leƙa ta samansa ba za ka ga murfin yumɓu ba, baƙin albarushin ne tsirara. Ba shi da jinkiri, ba shi da abin fitar da lema. Wuta tana cin albarushin daga ƙasa tana hawa, har abin da ya rage ya zama siririn faifai da ba zai iya riƙe matsin da ke ƙarƙashinsa ba. Sai ya fashe, iska mai zafi da tartsatsin albarushi su yi sama, su shiga maƙogwaron injin da ke bisa, wato ramin da wuta ke fita ta ƙasansa, su kunna shi. Ba waya, ba batir, ba agogo. Shi ke nan sirrin.

Injin gaɓar sama kuma mai dogon jinkiri ake sa wa: A8-5, B6-6, C6-7. Tunda ta karɓi aiki tana gudu, za ta daɗe tana hawa bayan wuta ta mutu, kuma idan lema ta fito da wuri iska za ta yage ta ko ta tsinke zaren. Kamfanin Estes na Amurka yana bambanta su da launin rubutu: ja na gaɓar ƙasa, shunayya na ta sama, kore na roka mai gaɓa ɗaya. Duk da haka lambar za a karanta, kada a dogara da launi.

Kuskure biyu ake yi a nan, ɗaya ya fi ɗaya muni. Idan aka sa mai sifili a sama, asara ce ta kaya: lema za ta fito roka na tsakiyar gudu, ta ƙone ko ta yage. Idan kuwa aka sa mai jinkiri a ƙasa, to roka za ta gama turi, ta rage gudu, ta sunkuyar da kai, sannan wutar ta tsallaka. Injin sama na iya kamawa hancin roka na kallon ƙasa, inda mutane suke tsaye.

Mahaɗa

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a haɗa injunan biyu baki da baki: saman injin ƙasa ya manne da maƙogwaron na sama, a naɗe mahaɗar da siririn salatif mai gani-har-hanji, zagaye ɗaya tak. Aikin salatif ɗin nan ya fi ƙarfin kamanninsa. Lokacin da faifan albarushi ya fashe, matsin yana son ya raba injunan nan take, tun kafin tartsatsin ya kama. Salatif yana riƙe su na wani ɗan mitsitsin lokaci, kaso kaɗan cikin dubu na sakan, har wutar ta kama, sannan turin injin sama ya ƙone shi ya tsinke. Ba salatif, gaɓar ƙasa ta fice ba ta bar wuta ba. Zagaye uku ko huɗu, ko kauri irin na baƙin salatif ɗin masu gyaran waya, gaɓar ƙasa ta ƙi saki, injin sama ya yi ta hura wuta ta cikinta yana jan ta.

Kafin a naɗe, a duba maƙogwaron injin sama a wurin haske. Ya kamata a hango baƙin albarushi a ƙuryarsa. Wani lokaci ɓurɓushin yumɓu yana rufe shi, sai a ɗan kankare a hankali da tsinken itace, ban da ƙarfe. Ƙurar hunturu ma tana shiga, saboda haka inji ya zauna cikin ledarsa har lokacin aiki.

Sai maganar matokara, wadda a nan sabon shiga ke ruɗewa. A gaɓar sama, zoben da ke tare inji yana gabansa, domin turin duka biyun a kansa yake sauka: injin ƙasa yana tura na sama, na sama yana tura zoben, zoben yana ɗaukar roka. A gaɓar ƙasa kuwa zoben yana bayan inji, ta wajen maƙogwaro. Dalili shi ne idan rabuwa ta zo, ana tunkuɗa kwanson injin ƙasa baya, kuma ana so ya tafi da bututunsa da fikafikansa gaba ɗaya. In babu zoben, kwanson kaɗai zai sulale ya faɗi, bututun ya zauna, wutar injin sama ta gasa shi. Injin sama ana naɗa masa salatif na takarda har ya shiga bututunsa da ƙyar, yadda ba za a iya zare shi da yatsu biyu cikin sauƙi ba, in ba haka ba lokacin fitar da lema shi zai fice ta baya, lemar ta zauna a ciki. A bar kamar santimita ɗaya nasa a waje don ya shiga bakin gaɓar ƙasa. Ita kuma gaɓar ƙasa ta zauna daram ba girgiɗi, amma ta zare da ɗan ja kaɗan.

Akwai hanya ta biyu, wadda ake barin tazara tsakanin injunan, ga mai son gaɓar ƙasa doguwa. Tana aiki har zuwa tazarar santimita 25 ko kusa da haka, da sharaɗi ɗaya: a huda ramuka biyu ko uku masu faɗin milimita 5 zuwa 6 a jikin bututun, dab da ƙasan maƙogwaron injin sama. Bututun cike yake da iska mai sanyi, kuma idan injin ƙasa ya fashe, wannan iskar ce ke fara isa sama. In ba ta sami mafita ba, ita za ta tunkuɗe gaɓar sama kafin zafin ya iso. A wannan tsari injin ƙasa yana buƙatar matokararsa ta gaba da abin riƙe shi ta baya, kuma a shafe cikin bututun da gam don kada ya babbake tun a tashi na biyu. Ra'ayinmu shi ne kada a fara da ita. Ta baki-da-baki ta fi yafe kuskure.

Duk wannan na injin albarushi ne. Manyan injuna masu makamashi irin na roba ba sa kamawa da tartsatsi, sai da na'urar lantarki mai ƙidayar lokaci a cikin rokar, kuma wannan wani fage ne daban.

Roka uku a jiki ɗaya

Mai gina roka mai gaɓa biyu, roka uku yake ginawa, kuma kowacce da halin da ake so ta nuna. Haɗaɗɗiyar dole ta tafi sak. Gaɓar sama ita kaɗai dole ta tafi sak. Gaɓar ƙasa ita kaɗai kuwa ana so ta rasa daidaito, ta riƙa wulƙitawa tana juyi kamar ganye, domin ba ta da lema kuma juyin ne birkinta.

Daidaito ya rataya a kan wurare biyu. Akwai cibiyar nauyi, inda roka ke tsayawa a kan yatsa ba ta rinjaya ba. Akwai cibiyar matsin iska, inda za a ce duk turin iskar gefe ya taru. Ta nauyi dole ta kasance a gaba, da tazarar da ta kai kaurin bututu ɗaya zuwa biyu. Matsalar ita ce inji biyu a gindi suna jan cibiyar nauyi baya sosai, ga kuma fikafikan gaɓar sama da suka koma kusan tsakiyar jiki suna jan cibiyar iska gaba. Shi ya sa fikafikan ƙasa suke fin na sama girma. Ga bututu mai kaurin milimita 25, ana iya farawa da na sama masu gindin santimita 5 da fitowar santimita 4, na ƙasa kuma gindin 6 da fitowar 6, sannan gwaji ya yanke hukunci.

Gwajin ba ya cin ko dala. A sa injuna sababbi da lema da komai, a ɗaura igiya mai tsawon mita biyu daidai cibiyar nauyi, a riƙa kaɗa rokar a zagaye bisa kai. In ta miƙa hanci gaba, ta ci. In ta tafi a karkace ko da baya, a ƙara nauyi a cikin hanci, giram uku zuwa biyar a lokaci guda, a sake. Sannan a cire gaɓar ƙasa a maimaita da ta sama. Ita ta ƙasa, a sa mata kwanson da ya ƙone a jefa ta sama da ƙarfi: in ta dawo tana juyi, madalla, in ta dawo a miƙe kamar kibiya, a sake tsarin fikafikanta ko a gajarta ta. Mai kwamfuta yana iya amfani da manhajar OpenRocket, kyauta ce, tana aiki da lissafin da James Barrowman ya fitar a shekarun 1960, kuma tana nuna gudun roka a lokacin rabuwa. Amma ko ta ce komai daidai ne, a kaɗa igiyar.

Daidaito in ya yi yawa shi ma ciwo ne, kuma shi ne ciwon da ya fi damun mai harbi a Maradi. Roka mai manyan fikafikai tana juya hanci ta fuskanci inda iska ke fitowa. Mai gaɓa biyu ta fi nauyi, tana barin sandar harbi a hankali, don haka iskar gefe ta fi samun damar karkatar da ita. In ta karkata a sakan na farko, injin na biyu zai kama ne tana kwance, ya kai ta can bayan gonakin wani ƙauye.

Nauyi ma yana da iyaka. Ana so turin injin ƙasa ya ninka nauyin roka sau biyar. Estes ta sa wa B6-0 da C6-0 iyakar giram 113, kuma injuna biyu masu lamba C sun riga sun cinye kusan giram 45 zuwa 50. Abin da ya rage wa bututu da hanci da fikafikai da fenti giram 60 ne da ɗoriya, kuma gara a tsaya ƙasa da haka. Ƙaramin sikelin dijital irin na masu sayar da zinariya ya isa wannan aiki.

Kayan gini

Itacen balsa da ake yin fikafikai da shi a Turai da Amurka ba na ƙasarmu ba ne, amma rashinsa ba ya hana aiki. Takardar buhun siminti, in aka kakkaɓe ta aka goge, tana yin bututu mai kyau. A naɗe bututun roba na wayar lantarki mai milimita 25 da leda don kada ya manne, a shafa wa takardar farin gam na kafinta sirara, a naɗa zagaye uku zuwa huɗu a matse. A shanya a inuwa kwana guda ba tare da an zare robar ba, domin a busasshiyar iskar hunturu waje yana riga ciki bushewa, bututun ya lanƙwashe. Gaɓar sama santimita 30 zuwa 35, ta ƙasa kuma ta isa ɗaukar injinta da zobensa da santimita ɗayan nan na injin sama. Ƙaramin bututun da inji ke zama ana naɗa shi a kan kwanson inji, a tsayar da shi a tsakiya da zobba biyu na kwali.

Fikafikai: kwali mai ƙarfi ninki biyu ko uku da aka manne aka danne da nauyi har ya bushe, ko falankin katako da bai wuce milimita ɗaya da rabi ba. In itace ne, jijiyarsa ta bi gefen gaba na fiffiken, in ba haka ba zai karye a saukar farko. A ja layukan mannawa ta hanyar jingina bututun a kusurwar ƙyauren ƙofa, layi zai fito a miƙe. Fiffike ɗaya da ya karkace da digiri biyu ko uku ya isa ya sa roka ta riƙa murɗawa. Bayan ya kama, a bi kowace kusurwa da gam a shafe da yatsa, sau biyu. Gam na kyandir da ake narkawa da bindiga bai dace ba, zafin inji da ranar Afrilu suna sassauta shi. Hanci a feƙe shi daga itace marar nauyi kamar rimi. Ƙarfe ba ya shiga hanci ko jiki ko fiffike.

Ɗan bututun da sandar harbi ke bi, a manna shi a gaɓar sama kusa da cibiyar nauyi, a tabbatar sandar ta wuce tsakanin fikafikan ƙasa ba ta goga ba. Igiyar da ke haɗa hanci da jiki ta zama roba irin ta ɗinki, tsawonta ninki biyu zuwa uku na jikin, don kada hancin ya dawo ya bugi bakin bututu.

Tsakanin inji da lema ana cusa abin tare wuta. Auduga haramun ce a nan, balle audugar rimi da ke kamawa kamar fetur, ta sauko tana ci. Takarda mai laushi da aka jiƙa a ruwan boraks aka shanya tana yi, kuma a gwada ta da ashana kafin a yarda da ita. Ɗanyen ganyen salak ko kabeji ma yana yi, abin dariya amma gaskiya ne.

Lema ko jela? Lissafi zai amsa. Siririyar roka mai C6-0 da C6-7 tana kusantar mita 500. In ta sauko da lema a kan mita 4 cikin sakan, za ta yi sakan 125 a sama, kuma iska mai gudun mita 4 cikin sakan za ta kai ta rabin kilomita. Saboda haka gaɓar sama marar nauyi jela ake sa mata: tsiri na leda ko takarda mai faɗin santimita 5 da tsawon 50, ja ko ruwan lemo. Tana saukowa da sauri, amma yashin gona yana da taushi. Wanda ya nace sai lema, kada ta wuce santimita 30, ya huda tsakiyarta, ya barbaɗa mata hoda don kada ta manne.

Inji ba a yin sa a gida

Wannan wasa an ƙirƙiro shi ne don raba yara da haɗa albarushi. A shekarun 1950, musamman bayan harba Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko, a 1957, matasa a Amurka sun yi ta cusa sinadarai cikin bututun ƙarfe suna rasa yatsu da idanu. Orville Carlisle ya ƙera ɗan inji na takarda mai amfani sau ɗaya, G. Harry Stine ya kafa ƙungiyar masu wannan sha'awa a 1957, Vern Estes kuma ya ƙera na'urar da ke matse injunan da yawa. Albarushin bindigar mafarauta ba ya maye gurbin wannan. Na inji an matse shi ya zama dunƙule ɗaya mai ci daga fuska ɗaya, na gari kuwa yana kamawa gaba ɗaya, wato bam.

Su kansu injunan masana'anta ana lissafa su cikin kaya masu fashewa, ba a sa su a jakar fasinjan jirgi ko wasiƙa, kuma shigo da su sai da izinin hukuma. Hanyar da ta dace ita ce ta makaranta ko ƙungiyar kimiyya mai rajista, irin yadda ƙungiyar Planète Sciences ke yi da matasa a Faransa tare da hukumar sararin samaniyar ƙasar. Wanda bai samu ba, rokar ruwa tana koyar da daidaito da karkatar iska duka: gorar lemo mai gas ta lita ɗaya da rabi, ruwa kashi ɗaya cikin uku, iska da famfon keke har ma'aunin matsi ya nuna bar 4 ko 5.

Ajiya kuma a nan ƙasar babbar magana ce. Injin da ya sha zafin bazara a cikin mota ko ɗakin kwano, sannan aka kunna shi da sanyin safiyar Janairu, dunƙulensa na iya tsagewa ko ya saki jikin takarda. Wuta ta sami ƙarin fuska, matsi ya hau, inji ya fashe a kan sanda. Ɗakin ƙasa mai sanyi, cikin akwati mai murfi, nesa da murhu. Wanda ya faɗi a kan siminti a ajiye shi gefe.

Fili da lokaci

Faɗin fili ana auna shi da jimillar injunan biyu. C da C sun zama D, wanda ƙa'idar ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka ta ba shi mafi ƙarancin mita 150 kowane gefe, kuma ga mai gaɓa biyu wannan ya yi kaɗan, a nemi ninkinsa. Tashin farko a yi shi da B6-0 da A8-5: rabuwar za ta faru ƙasa-ƙasa, wajen mita 20 zuwa 30, inda ido zai ga abin da ya faru.

Da damina hatsi ya fi mutum tsawo, abin da ya faɗa ciki ya tafi, kuma ba a tattake wa mutum gona saboda wasa. Bayan kaka fili ya buɗe amma kara da ciyawa sun bushe, ga harawa a kan itatuwa, ga rumbuna. A share da'ira mai mita 3 kowane gefe har ƙasa, a sa faifan ƙarfe ƙarƙashin inji, a ajiye bokitin ruwa da na yashi. A tuna gaɓar ƙasa tana faɗowa da zafinta kusa da wurin harbi, a sa mutum ɗaya ya bi ta da ido shi kaɗai, sauran su bi ta sama. A nisanci wayoyin lantarki, da manyan gawo, da garken awaki. Da hunturu iska tana fitowa daga arewa maso gabas, takan yi laushi da sassafe ta taso da hantsi, don haka a gama kafin rana ta ɗaga. Ranar da hazo ya rufe, a haƙura, domin ba a harba abin da ba za a gani ba. Ƙa'ida ta hana harbi in iska ta wuce kilomita 32 cikin awa, amma mai gaɓa biyu rabin haka ma ya yi mata yawa.

Maradi tana da filin jirgin sama, tana kuma kusa da iyaka, a lokacin da ƙara da hayaƙi a sama ke iya tayar da hankalin jama'a da jami'an tsaro. A yi nisa da filin jirgin, a nemi yardar mai gona da mai gari, a sanar da jandarma ko 'yan sanda tun kafin ranar, a rubuce.

Sandar harbi ƙarfe ce mai kaurin milimita 3 da tsawon kusan mita ɗaya, in an sami mai tsawon mita 1.2 da ba ta lanƙwasa ba ta fi. A goge tsatsa da toka. A tsayar da ita sak. Karkata ta wajen iska, wanda ake yi wa mai gaɓa ɗaya, a nan ƙara wa Borno dawaki ne. Kunnawa da lantarki kawai: siririyar wayar kunnawa a cusa har ta taɓa albarushin injin ƙasa, waya mai tsawon aƙalla mita 5, gara 10, batir mai bolt 6 ko na babur mai 12, da makulli da ake zarewa a riƙe a hannu duk lokacin da wani ke kusa da sanda. A ƙirga daga biyar da murya. In ba ta tashi ba, a zare makulli a jira sakan 60. Kowa ya kasance a tsaye yana kallo, domin in injin sama bai kama ba, babu abin da zai fitar da lema, gaɓar sama za ta dawo da hanci.

Mai son sanin tsawon da ta kai ya tsaya mita 150 daga sanda, ya auna kusurwar ƙololuwa da ma'aunin kusurwa na 'yan makaranta da zare mai nauyi. Digiri 45 mita 150 ke nan, digiri 60 kusan mita 260.

Bayan an tsinto gaɓoɓin, a karanta su kafin a sake ɗora inji. Baƙin hayaƙi kaɗan a bakin gaɓar ƙasa daidai ne. In ciki ya ƙone har ya yi laushi, rabuwa ta makara: a rage salatif ko a sassauta mahaɗar. In an sami injin sama bai ƙone ba kuma maƙogwaronsa fes, gaɓoɓin sun rabu da wuri, salatif ya yi kaɗan ko ramukan iska sun yi ƙanƙanta. In maƙogwaron ya yi baƙi amma bai kama ba, yumɓu ko ƙura ce ta tare. Gindin fikafikan ƙasa kuma a matsa kowanne da yatsa, domin su ke fara taɓa ƙasa, kuma tsagar da ba a gani ba ita ke buɗewa a tashi na gaba.